Da Sauƙi, Ranka Shi Daɗe

Duk wanda ya san kakana Dabo magini a tsufansa zai gaya maka cewa idan kana sauri, kada ka kuskura ka gaishe shi. Ka ce masa ina kwana, ba zai ce lafiya lau ba sai in lafiyar ce. Zai gaya maka gwiwa ta hana shi barci, akuyarsa ta yi ɓari, tuwon jiya kuma bai kai masa ko'ina ba. In kuwa shi ne ya gaishe ka, to ka shiga uku, don sau uku zai tambaye ka. Ka ce lafiya, ya ce madalla. Ya ɗan nisa ya ce, "Lahiya dai?" Ka ce lafiya ƙalau. Sai ya kama hannun rigarka ya ja ka gefe inda ba kowa, ya rage murya ya ce, "To, yanzu hwaɗa mani."

'Yan kasuwar Illela sun daɗe da yanke masa hukunci, sun ce tsufa ya taɓa shi. Ni kuwa jikarsa ce, tsokanarsa halal ce a gare ni. Nakan ce masa, "Wanga miji nau, ko alƙali bai kai ka tambaya ba, ni kam na hwasa armen." Ya yi dariya ya ce wa zai kwashe ni in ba shi ba. Kowa a gidan yakan dara, ban da mahaifiyata Lubabatu, 'yarsa ta fari. Sai bayan an yi sadakar arba'in ɗinsa ta zaunar da ni ta ba ni labarin, kuma tun ranar kunyar tsokanar nan ba ta sake ni ba.

An haife shi a Tungar Baraka, wata 'yar tunga gaba da Kalmalo, tun kafin Nasara su ci Sakkwato. Gadon gidansu ginin rufewa, wato rumbun laka mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a sama, wadda ake ɗorawa a kan duwatsu saboda gara da danshi. Ba a yi mata gaggawa. Laka tsawon taƙin hannu ɗaya ko biyu ake ɗorawa a yini, a bar shi ya sha iska, gobe a ɗora wani. Dabo ya iya aikin har ya fi ubansa. Daga Garu zuwa ƙauyukan Ƙonni, in ka ga rufewa mai santsin jiki wadda ba ta karkace ba, ba sai ka tambayi wanda ya gina ta ba. Yana da kunne kuma. Ya ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa sau biyu, zai gaya maka inda gero ya tsaya a ciki. Magidanta masu son a ɗauka suna da shi ba sa son ya raɓi rufewarsu.

Abu na biyu da ya gada wurin ubansa Lawwali shi ne ladabi. Lawwali ya yi wa manya gini, ya san yadda ake shiga zaure da yadda ake fita. Ya koya wa ɗansa cewa ba a kai wa babba mugun labari a bakin gaisuwa. Ko gidanka na cin wuta, in ya ce maka ina labari, sai alheri za ka ce. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya, don kowa ya san shimfiɗa ce, maganar tana tafe a baya. Yana kuma da labarin da yake kafa hujja da shi. A wata yunwa ta zamaninsa, tunga ta aike shi wurin uban ƙasa na lokacin. Ya faɗi ya yi gaisuwa, aka tambaye shi gari, ya ce lafiya lau. Uban ƙasa ya sa aka kawo masa fura, ya zauna yana kallon yadda yake sha. Da ya ga har ludayi ya lashe, sai ya sake tambaya. Lawwali ya ce da sauƙi. Sai uban ƙasa ya sallami fadawa, ya rage daga shi sai shi, ya ce, "Magini, yanzu hwaɗa mani." Kashegari jakuna suka iso tunga da dammunan gero.

Kada a ɗauka uban ƙasan nan waliyyi ne. Ya ci shanun talakawa, ya ƙwace gonaki, kuma akwai gidajen da har yau ba a ambatonsa da alheri a cikinsu. Amma Lawwali yakan ce sarkin da ba ya ci ba a haife shi ba tukuna, don haka shi abin da yake dubawa ga mai mulki ɗaya ne: ko yana tashi a kan lafiyar farko, ko yana zama ya sake tambaya. Dabo ya ji wannan magana ya fi sau ɗari yana kwaɓa wa ubansa laka.

Da Nasara suka zo suka dasa duwatsun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, suka ce nan na Ingilishi can na Faransi, Dabo bai yi baƙin ciki kamar sauran mutane ba. Yana yaro mahara suka kama kawunsa a hanyar zuwa gini, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yanzu kuwa ya ga yana kora jakinsa shi kaɗai ya tsallaka iyaka, ya yi wata guda yana aiki ya dawo. In ana zagin Nasara a dandali yakan ce, "Mulkin da ka barin talaka shi tahi shi komo da jakinai, ni ban ga laihinai ba." Har aka fara ce masa Dabo na Bature, alhali bai taɓa tsayawa gaban Bature ba.

Sai shekarar yunwar da aka sa wa suna Kakalaba, shekara goma da 'yan kai bayan zuwan Nasara. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Abin da aka samu bai kai mutane tsakiyar rani ba. Tafkin Kalmalo ya janye, mata suka bi busasshiyar laka suna tonon tushen bado. Da bado ya ƙare aka koma wa anza, 'ya'yan wani ɗan itace masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Aka tone gidajen tururuwa aka ƙwace ɗan abin da suka tara. Ba wanda ke neman magini a shekarar da ba abin zubawa. Jakin Dabo ya mutu. Da farko in yana wucewa hannunsa kan kai wa rufewa ƙwanƙwasa don sabo, ta amsa masa kamar tulun da ba ruwa. Da ya ji dukkansu muryarsu ɗaya, tasa da ta mai gari da ta liman, sai ya koma tafiya da hannuwa a baya.

A gidansa akwai matarsa Zuwaira, da mahaifiyata tana da shekara goma sha ɗaya, sai tagwaye Hasana da Usaina 'yan shekara uku. Usaina ta rasu da shigowar bazara. Hasana ta rage, amma anza ba ta zama a cikinta, duk abin da aka ɗura mata sai ya wuce. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina kuka. Tsofaffin mata suka duba ta suka ce magani ɗaya ne, kunun hatsi na gaske, ko na kwana bakwai ne, cikin zai tsaya. Suna fita kuma suka riƙa raɗa cewa tagwaye in ɗaya ta tafi takan kira 'yar'uwarta. Zuwaira ta ji su, Dabo ma ya ji.

Ana cikin haka manzo ya zo wa mai gari Mukhtari da labari. Raƙuma sun iso Illela daga Sakkwato da hatsi, ba mai yawa ba, kuma Bature zai zaga tungaye da kansa ya ga inda abin ya fi tsanani, can za a sauke. Jibi da hantsi zai iso Tungar Baraka.

Mukhtari mutum ne da ya fi tsoron abin kunya a kan kabari. Nan take ya sa aka share tunga tas. Ya ce waɗanda yunwa ta kayar a shige da su ɗaki, kada baƙo ya iske mu kamar mabarata. Waɗanda za su tarye shi kuma a fito musu da rigunan salla. Allah ya jiƙansa, amma ni har gobe in na tuna sharar nan sai raina ya ɓaci. Mutane na mutuwa, kai kana neman tsintsiya! Da yake kuma harshensa kan sarƙe in ya ga manya, sai ya kira Dabo ya ce, "Kai ka san cikin kowace ruhewa, kuma kai ka iya magana gaban manya. Kai za ka yi muna baki."

Dabo ya karɓa da hannu biyu. Ya shirya maganarsa tsaf. Zai lissafa sunayen mutum goma sha tara da aka binne tun rani. Zai roƙi Bature ya taso da kansa ya ƙwanƙwasa rufewa ɗaya ya ji. Daga ƙarshe, in an ba shi dama, zai sa a fito da Hasana. Da safen ranar Zuwaira na kaɗe masa riga ta ce, "Maigida, don Allah ka hwaɗi. Kak ka rage komi."

"Ke dai yi ta addu'a," in ji shi. "Na san yadda aka magana da manya."

Bature ya iso da hantsi a kan doki, da 'yan rakiya kaɗan da tafintansa, wani Basakkwace mai suna Junaidu. Baturen saurayi ne siriri, rana ta dafa masa wuya, kuma da ganinsa shi ma a gajiye yake. Aka kafa masa kujera a gindin kurna. Abin da ba wanda ya sani a tungar shi ne mutumin ya koyi Hausa a takarda, kuma yana ji da ita. Tafinta ya matso, ya ɗaga masa hannu alamar ba ya bukata.

Dabo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi jinjina.

"Sannu," in ji Bature. "Kana lafiya?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe."

"Mutanenka suna lafiya?"

"Lahiya lau."

"Ina labari?"

"Sai alheri."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

Bature ya yi murmushi, ya ji daɗi kowace tambaya ta sami amsar da ya karanta. Sai ya ce, "Ina yunwa?"

Shi a nufinsa ya shiga aiki ke nan, yana cewa a nuna masa inda yunwar take. Amma a layi ɗaya ya jera ta da ina gajiya, da murya ɗaya, ko numfashi bai raba su ba. Dabo kuwa gaisuwa ya ji. Bakinsa ya amsa tun kafin zuciyarsa ta farga.

"Da sauƙi, ranka shi daɗe."

"Da sauƙi," in ji Bature, ya ciro ɗan littafi ya rubuta. Ya ɗaga kai ya dubi tunga. Ga fili a share, ga maza cikin riguna, ga rufewa jere da manyan cikkuna, kowace da 'yar jinkarta a ka, ba wadda ta tsage. Aikin hannun Dabo ne ya tsaya ya ba da shaida a kansa. Bature ya nuna su da bulala ya ce, "Da kyau!"

Dabo ya sunkuyar da kai yana jiran tambaya ta biyu, sunaye goma sha tara na kan harshensa. Abin da ya ji shi ne ƙarar naɗe kujera. Ya ɗago ya ga ƙafar Bature a likkafa. Ya dubi Junaidu, Junaidu ya dube shi, kuma wallahi Junaidu ya gane, amma sai ya juya yana gyaran rawani. Mukhtari na can yana zuba Allah shi kiyaye hanya. Maganar ta taso wa Dabo har maƙogwaro, ladabin shekara arba'in ya danne ta, don ba a kiran babba ta ƙeya bayan ya tashi. Haka ya durƙusa yana kallo har dawakin suka sha kwana.

Wasu suka ce ai hutawa Bature ya tafi, zai aiko a kira mai magana. Suka zauna gindin kurna har azahar. Da Dabo ya shiga gida Zuwaira ta tare shi ta ce, "Ka hwaɗi?"

Ya ce, "Bai tambaya ba tukun."

Mahaifiyata ta ce kallon da uwarta ta yi masa ba ta taɓa ganin irinsa ba, ba ta kuma sake gani ba. Zuwaira ta koma ta ci gaba da tace anza.

Kwana uku ba aike. A rana ta huɗu labari ya zo cewa an sauke hatsi a wasu tungaye uku, kuma mafi yawansa ya tafi tungar su Yari mahauci. Wannan Yari kowa ya san shi da rashin ta-ido, ko sallama bai iya ba. An ce Bature bai gama sauka daga doki ba ya faɗi yana birgima a ƙasa yana ihun muna mutuwa, ya yage rigarsa ya nuna haƙarƙari, mai garinsu kamar ya nutse don kunya. Ban ga laifin Yari ba, mutanensa ma mutuwa suke. Amma abin da ciwo, a ce marar kunya ya ceci garinsu, mai ladabi ya kashe nasa.

Da asuba Dabo ya kama hanyar Illela. Ya leƙa Hasana kafin ya fita, ta buɗe ido ta dube shi ta mayar. Tafiyar hantsi ce ga mai ƙoshi, shi kuwa sai da rana ta take tsaka ya isa, yana tafe yana zama. A hanya ya wuce mutane kwance a gindin itatuwa, bai tsaya ya duba waɗanne ne masu barci ba. Abin da ya faru can shi da bakinsa ya faɗa, sau ɗaya tak a rayuwarsa.

A bakin barikin da aka sauki Bature ya iske Junaidu zaune a inuwa. A karo na farko tun da ya yi wayo, Dabo bai gaida mutum ba.

"Malam Junaidu, kai ɗan Sakkwato na. Ka san mi aka nuhi da da sauƙi."

"Na sani."

"To don mi ba ka hwaɗa mai ba?"

"Ba ka ga ya ɗaga mani hannu ba? Wanda nag gada ga aikin ga, gyaran Hausa yay yi mai gaban mutane, ran nan anka sallame shi. Ni ma ina da ɗiya, Magini."

Na ji uzurinsa, amma ban karɓa ba. Baƙo bai san gari ba, shi ya sani, kuma kalma uku kawai ake nema a bakinsa.

Suna nan Bature ya fito. Dabo bai tuɓe takalmi ba, bai durƙusa ba, ya buɗe murya iyakar abin da yunwa ta bar masa.

"Yunwa! Yunwa ka kashe mu! Tungar Baraka, mutum goma sha tara munka binne! Ruhewan nan da kag gani, babu ko zangarniya guda ciki, ni nag gina su! Ɗiyata na mutuwa!"

Wani mai gadi ya zabura zai kama shi, Bature ya hana. Ya ƙura masa ido, ya ciro ɗan littafin nan ya buɗa.

"Tungar Baraka," ya karanta. "Kai ne. Kai ka ce da sauƙi."

"Gaisuwa ta, ranka shi daɗe."

"Na tambaye ka yunwa, ka ce da sauƙi. Yau ka ce mutuwa. Wanne ne ƙarya?"

"Babu ƙarya ko guda. Ba ka sake tambaya ba."

"Don me zan tambaya sau biyu?"

Dabo ya ce daga baya ji ya yi kamar an tambaye shi don me ake cin tuwo da hannun dama. Bature ya juya ga Junaidu ya yi masa magana da Turanci, Junaidu ya amsa kansa a ƙasa. Aka ga fuskar Bature ta ƙara ja. Bai yi faɗa ba. Ya yafuto Dabo suka zaga bayan bariki, ya nuna masa buhuna a ninke, an zazzage su ƙarƙaf. Ya ce zai rubuta Sakkwato, watakila nan da wata guda a ƙaro.

Wata guda! Hasana ko mako ba ta da shi. Dabo ya tsaya duniya na juya masa, sai kunnensa ya jiyo wata ƙara da ya yi wata biyar bai ji ba, ƙarar taunar hatsi. Dokin Bature ne a turke, an rataya masa jakar dawa a baki. Dabo ya zuba masa ido ya kasa ɗaukewa. Bature ya bi idonsa da kallo, sannan ya sa aka cire jakar aka juye a gaban rigar Dabo. Ba ta fi tiya guda ba, da yawun doki a jikinta. Kuma ka san abin da bakin nan na Dabo ya ce? Na gode, Allah shi ƙara girma.

Na daɗe ina juya maganar Baturen nan a raina. Ba mugu ba ne, na yarda. Ya zaga cikin rana da kansa, bai ci ko ƙwaya ɗaya ta hatsin ba, abin da tsohon uban ƙasa ba zai iya rantsewa a kai ba. Amma mene ne amfanin amanarsa ga Hasana? Ya zo mulkin mutanen da bai san shirunsu ba, bai san abin da suke nufi in sun ce lafiya ba, ya kuma kori wanda zai gaya masa. Kakana bai ƙara yabon Nasara a dandali ba, bai kuma zage su ba. In aka matsa masa a kan wane mulki ya fi, yakan ce, "Wancan ya ci mu, amma ya san mu. Wanga ya rubuta mu." In aka ce to laifin wa, sai ya nuna bakinsa. Wannan ne ban taɓa yarda da shi ba, don ba shi ya ƙirƙiro gaisuwa ba, kuma wanda ke bisa doki shi ke da lokacin sake tambaya.

Ya ƙulle dawar a riga ya rungume ta a ƙirji, ya kamo hanya. Bai zauna ko sau ɗaya ba a komowa. Yana tafe yana rabon ta a zuci: a surfa, a daka, a tankaɗe, kunu ɗan tsinke sau uku a yini, in an yi tsimi za ta kai kwana bakwai ɗin da tsofaffi suka faɗa. Bai jefa ko ƙwaya ɗaya a bakinsa ba, ko da yake ya ce ƙamshinta ya kusa haukata shi.

Bayan la'asar ya iso. Mahaifiyata na kwance a bakin ɗaki, ita ma ta kai ba ta iya tsayuwa sosai, don haka a gabanta aka yi komai. Zuwaira na zaune kusa da turmi, hannuwanta a kan gwiwa. Ta ce masa sannu da zuwa.

"Na samo," in ji shi yana haki. "Dawa ta. Tashi ki daka. Ƙaƙa jikin Hasana?"

"Da sauƙi."

Ya ce alhamdu lillahi, ya nufi ɗaki da saurinsa. Taki uku ya yi ya tsaya cak. Ya juyo a hankali.

"Zuwaira. Ƙaƙa jikin Hasana?"

"Da sauƙi, maigida. Zamna ka sha ruwa tukun, ka sha rana."

Ya dawo ya durƙusa a gabanta kamar yadda ya durƙusa gindin kurna. Ya rage murya.

"To, yanzu hwaɗa mani."

"Sai haƙuri," in ji ta. "Tun hantsi. Liman ya sallace ta, an kai ta kusa ga 'yar'uwatta."

Hannuwansa suka saki, ƙullin rigar ya kwance, dawa ta fara zuba a ƙasa. Zuwaira ta yi wuf ta tara zanenta ta tare. Ta sunkuya ta bi waɗanda suka watse tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, tana hure musu ƙasa. Da ta gama ta juye a turmi, ta miƙe ta ɗauki taɓarya, ta nuna mahaifiyata da haɓa, don ba ta faɗin sunan 'yar fari.

"Tashi ka ba ni wuri," ta ce masa. "Akwai babbar."